Shekarar da Aka Auna Hankalinmu da 'Ya'yan Tsamiya

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai maganar da take yawo a gidan nan tun ba yau ba, wai an sa ni a makaranta na kasa, maigidana Malam ya cire ni don kada in ba shi kunya. Na san bakin da ta fito. Gwaggonku Kande ce, yayar Malam, ta faɗa cikin wasa a wajen wani suna, yara suka ɗauka da gaske. To ita ta riga mu gidan gaskiya, Malam ma haka, Allah ya jiƙansu, saura ni. Don haka zan faɗa a rubuta yadda abin ya faru, kuma mai rubutun kada ya gyara mini ko kalma ɗaya.

Shekarar da aka canja kuɗi ce. A lokacin ruwan kanal ya riga ya zauna a ƙasarmu, tsakanin Kura da Bunkure babu sauran rani, gonar da da take hutawa bayan kaka sai ga ta kore shar da alkama da tumatir da albasa. Maza suka daina tafiya cin rani, mu kuma mata aiki ya ninku, don duk ranar da layin ruwa ya zo kan gonarku sai an ɗauki 'yan ƙwadago, su kuma cikinsu ba ya jiran kowa. A cikin wannan hidima aka turo mana wata yarinya, Malama Saude, ta koya wa matan aure karatun yaƙi da jahilci. Ta zaga gari ba ta sami wuri ba. Mazan suka ce in ba gidan Malam ba, matansu ba sa zuwa ko'ina, tunda gidan karatu ne tun kakanni. Malam ya yarda, amma a ƙofar masallaci ya yarda, a gaban kowa, da sharaɗi.

"Ilimi ba shi da laifi, kowane iri ne," in ji shi. "Amma ranar da karatun nan ya sa wata ta makara da salla, ko ta bar mutanen gona da yunwa, ranar za a naɗe tabarmi."

Kun san mahaifinku. In ya faɗi magana a gaban mutane, ko shi kansa ba ya iya roƙon kansa ya janye.

Aka shimfiɗa tabarmi a rumfar tsakar gida, daga hantsi zuwa kafin azahar, aka ba kowa ɗan allo da alli. Ni aka ɗora shugaba, ba kuma don gidana ne kawai ba. Ni Yalwa ba a taɓa shammata ta ba. Ina daka ina jin abin da ake faɗa a gida na uku. Tuwona bai taɓa kamawa ba, yaro bai taɓa ɗaukar mini ƙuli ya kai ƙofa ba. Matan gari in suna so su ɓoye magana, sai sun tabbatar na tafi kasuwar Kura tukuna, kuma kafin in sauke kaya na ji ta. A aji ma haka nake. Malama tana zana harafi ni na riga na ba shi suna, wannan mai tozo biyu, wancan ƙwarya a buɗe, mata su yi dariya, su kuma riƙe. Karatu ya yi daɗi, har wasu suna zuwa da goyo da tsintsiya a hannu don sauri.

Muna cikin haka sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida, wata mata mai tabarau ta fito da kwando a hannu. Sunanta Malama Bilki, daga wata jami'a, amma tun ranar ba wanda ya ƙara kiranta da shi, Mai Agogo ta zama. Don abin da ke cikin kwandon ke nan, wani ƙaton agogo mai ƙararrawa biyu a ka, in ya buga kaji sai sun haura katanga. Ta gaishe mu da ladabi, ta durƙusa har ƙasa, ba zan yi mata ƙarya ba. Sannan ta ce:

"Iyayena, ba jarrabawa na zo yi muku ba. Akwai wani hali da mutum yake shiga idan aiki ya kama shi, bai yi masa wuyar da zai gudu ba, bai yi masa sauƙin da zai yi hamma ba. Sai ya nutse. Ya manta yunwa, ya manta lokaci, ya manta ma ana kallonsa. Shi nake so in auna, in ga ko karatun nan yana kai manya can."

"Da me za ki auna?" na ce. "Da tiya ko da gwangwani?"

Ta yi dariya, ta ce da 'ya'yan tsamiya. Ga yadda ta tsara. Za ta rufe agogon a kwando, ba wadda ta san lokacin da zai buga. Da ya buga, kowa ta ajiye alli, ta zagaya bayan rumbu ita kaɗai da ƙwayar tsamiya ɗaya. A can akwai mazubi uku. Wadda ƙararrawa ta same ta a nutse, ta manta duniya, ta jefa a kwanon ƙarfe. Wadda hankalinta ya rabu biyu, ta jefa a akushi. Wadda jikinta ne kawai a aji, zuciyarta tana gida wajen tukunya, ta jefa a ƙwarya. Ba mai ganin wata, ba a rubuta sunan kowa.

Mata suka ce wannan ai wasa ne mai daɗi. Ni kuwa ban ga wasa a ciki ba. Ku duba fa. Malam ya ce ranar da aka manta lokaci an rufe aji, ga mata ta taso takanas daga birni da mota don ta ƙirga masu manta lokaci. Kuma direbanta a zaure yake zama, yana cin ɗumame da ɗaliban Malam, bakinsa kuwa ba ya rufuwa ko yana tauna. Duk abin da ya shiga kwanon ƙarfen nan, kafin la'asar yana ƙofar masallaci. Da yamma na bi gida gida, na tara matan a wajen surfe, na ce musu:

"Kowa ƙwarya. Ko kin nutse har kin ga kifi, ƙwarya. Mu matan kirki ne, hankalinmu yana kan tukunya."

"Yaya Yalwa, to ai ƙarya ce," in ji wata amarya.

"Ke da kika zo jiya, kina da tukunya ko ba ki da ita? To ki tuna ta a hanyar rumbu, kafin ki isa ta zama gaskiya."

Mai Agogo ta yi dabarar ɓoye mu daga idon juna, amma ba ta yi lissafi da kunnena ba. Ƙwayar tsamiya in ta faɗa ƙwarya tuf take yi. A akushi ƙwas. A kwanon ƙarfe kuwa ƙwal, har da ɗan amo a baya. Sai in zauna a bakin tabarma ta wajen rumbu, ina gyara ɗankwali, ina saurare. Tuf. Tuf. Tuf. Raina fes. Kwanaki muna haka, agogo ya buga, matar da yanzun nan harshenta yake waje don ƙoƙarin zana harafi, ta miƙe tana tangaɗi kamar an tashe ta daga barci, ta je ta shaida cewa tunanin kuka da daddawa take yi. Sai ran nan na ji ƙwal. Na ɗaga kai, sai ga gwaggonku Kande tana fitowa daga bayan rumbu tana kallon sama kamar mai neman hadari. Washegari ma ƙwal. Na bi ta har ɗakinta.

"Yaya, na ji ƙarfe."

"Hannuna ne ya karkace."

"Jiya ma karkacewa ya yi?"

"Ke Yalwa, ki ji tsoron Allah. Mijina ya rasu, 'ya'yana sun yi aure, a gidanki nake cin tuwo. In ce hankalina yana gida, wajen wa? Wajen akuya?"

"Wajen akuyar."

"To akuyar ma na manta ta. Shekarata nawa ban sami abin da ya ɗauke ni haka ba, sai ki ce in je in yi wa ƙwarya ƙarya?"

Na ce mata in aka rufe aji sai ta je ta nutse a kanal. Ta koma tuf, amma tana jefawa da ƙarfi don in ji haushinta.

Ashe ramin da na kauce wa, wani na haƙa a gaba. Wata safiya muka iske Malama Saude idonta ja. Ta ce ita kaɗai ce malama, garuruwan da ke roƙon a ba su aji kuwa suna da yawa, har can bayan Bunkure. Waɗanda suka turo ta sun ce za su duba abin da Mai Agogo ta samu, in matan nan karatun bai shiga ransu ba, a mayar da ita inda ake so. Abin da Mai Agogo ta samu kuwa ƙwarya ce cike taf, sai ƙwayoyi biyu a kwano, na Kande. Mata duk suka juyo suna kallona. Mai Agogo ta cire tabarau tana gogewa, ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba:

"Na yi aikin nan a wurare. Ban taɓa ganin garin da mata duka suke tuna tukunya a lokaci ɗaya ba, har da waɗanda ba ranar girkinsu ba. Sati mai zuwa zan tafi. Abin da aka ba ni shi zan kai, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

Na rasa inda zan sa kaina. In mun faɗi gaskiya Malam ya rufe, in mun ci gaba da ƙwarya a ɗauke Malama. Ban gama neman mafita ba abin ya same ni ta inda ban tsammata ba.

Ranar layin ruwanmu ce. Malam ya fita tun da sassafe da 'yan ƙwadago zuwa gonar tumatir, za a kai musu dambu da fura da azahar. Na turara tsakin tun da wuri, na sauke, na rufe, saura in haɗa da zogale da mai in an tashi. A aji Malama ta zana sabon harafi, wani mai lanƙwasa kamar ƙaramar hanyar ruwa a tsakanin kunyoyi. Ta faɗi sautinsa, muka maimaita. Ina maimaitawa a zuci sai na ji wani abu ya taɓa ni. Kun san ban taɓa kiran babbanku da sunansa ba. Ɗan fari ne, uwa ba ta faɗa, haka muka taso muka gani. Wancan nake ce masa, ko yaron nan, har ya yi gemu. A lokacin yana Kano yana koyon gyaran injin ban ruwa, na daɗe ban sa shi a ido ba. To sai na lura wannan mai lanƙwasar shi ne kaɗai ya rage mini. Ga mai tozo biyu na sani, ga ƙwarya a buɗe na sani, ga mai kama da bukka da sanda a gicciye na sani. In na jera su, sunan yaron nan zai zauna a kan allona, kuma ba bakina ne ya faɗa ba, alli ne. Na karkata allon don kada a gani, na fara. Tozo biyu ya zauna. Ƙwarya ta zauna. Mai lanƙwasa ya ƙi. In na ja shi sai ya juya baya, in na goge na sake sai ya kwanta, wani sa'in ya fito kamar ƙugiya. Amma kowane ja ina jin na kusa, saura kaɗan, wannan karon ne.

Abin da zan faɗa daga nan, ba ni labari aka yi. An ce agogo ya buga, kaji suka watse, ban motsa ba. An ce mata sun zagaya rumbu sun dawo, aka yi addu'ar tashi, ina nan. Amaryar nan ta miƙa hannu za ta taɓa ni, Kande ta riƙe ta, ta ce a bar ta, yau Mai Agogo ta ga abin da ta zo nema da idonta, ita za ta dawo ta tashe ni kafin a kira salla. Suka fice da sanɗa, takalma a hannu, matan da kullum fitarsu kamar an watse kasuwa. Kande ta shiga ɗakinta ta jira lokaci, ta ɗauki gawayi don ta ɗan gwada harafin nan a bango. Ita ma ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Mai Agogo ce ta zauna da ni. Ta rantse ta ce mini an kira azahar, na ce to, ga ni nan. Ta yi sallarta a gefena, ta sake faɗa, na sake cewa to.

Ni dai abin da na sani, wata inuwa ta tare mini haske, ana ta gyaran murya. Na kaɗa hannu kamar mai korar kaza, na ce a matsa. Inuwar ba ta matsa ba. Na ɗaga kai a fusace, sai ga Malam, wando a naɗe, laka har gwiwa. Daga zaure kuma ina jiyo wani ɗan ƙwadago yana tambaya ko rasuwa aka yi a gidan. Na dubi rana, ta karkata, ladan yana gyara lasifika don la'asar.

"Sannu da aiki," in ji Malam. 

Ban taɓa haɗa dambu da sauri irin na ranar ba. Na rama azahar ina jin kunyar Ubangijina. Da na idar, Mai Agogo ta matso a hankali ta tambaye ni, a ganina, tsawon wane lokaci na yi a zaune. Na ce bai kai a tafasa ruwan koko ba. Ta rubuta cike da murna, ni kuwa ji nake kamar in kifa mata kwandon a ka. Kafin magariba gari ya ɗauka, don 'yan ƙwadago ba su da sirri in an bar su da yunwa.

Washegari da safe na kai wa Malam koko, na zauna, abin da ba na yi. Ya ce ba sai na yi magana ba, ya faɗa a gaban mutane, yau za a naɗe tabarmi.

"Malam, mata nawa suka makara da salla?"

"Ke da Yaya."

"Yaya ta girme ka, ba ka da iko da ita. Saura ni. Wadda ta karya sharaɗi ita za a kora, ba masu zuwa da goyo ba."

"Yau ke ce, gobe wata. In abin nan ya iya ɗauke ki, wa zai bari?"

Wannan ita ce magana mafi daɗi da ya taɓa faɗa mini, kuma a cikin faɗa ya faɗe ta. Na ce to shi ke nan, a sa musu mai tsaro. Mace ɗaya ta ajiye allo, ta zauna a bakin ƙofa, aikinta duban rana da sanin gidan da ke da layin ruwa, in lokaci ya yi ta tashe su ko suna so ko ba sa so. Su su nutse yadda suka ga dama, wata tana riƙe da igiya. Ya ce wa zai yarda da mai tsaron da ita ma za ta leƙa allo. Na ce ba za ta leƙa ba, ni ce. Ya daɗe yana juya ludayi a cikin koko.

"Na ga abin da ke kan allon," ya ce. "Na ukun ne a juye. In juya miki shi?"

"A'a. In ka juya, sai in so na gaba."

Da azahar ya faɗa a ƙofar masallaci cewa wadda ta yi laifi ta bar karatu, kuma daga yau in wata ta makara, a tambayi gidansa. Mazan suka ce in dai Yalwa ce a ƙofa, sun yarda. Na aika wa mata cewa an ɗage dokar ƙwarya, kowa ta jefa inda Allah ya nuna mata. Mai Agogo ta ƙara sati guda a kan nata don ta sake awo daga farko, abin da ta kai kuma ya sa aka bar mana Malama Saude shekaru, har ta yi aure a garin nan. Matan ajin nan su ne suka riƙa karanta wa mutane katin asibiti da wasiƙun 'ya'yansu. Amaryar da ta ce mini ƙarya ce, ita ta gaji Malama.

Ranar da na fara tsaro, na ɗauko kujera 'yar tsugunno da tire da muciya, na zauna a ƙofar rumfa na ba allon bango baya. Na ji Malama ta ja alli, ƙiii, sabon harafi. Aka yi shiru ana jiran a ba shi suna, don aikina ne da. Wata ta ce kamar tsani, wata ta ce a'a, kamar ƙofar gona, suka yi ta gardama, duk ba su iya ba, na san da na gani da kallo ɗaya na gama musu. Wuyana har ciwo ya yi don son juyawa. Na kafa ido a kan inuwar rumbu ina kallonta tana janyewa. Can rumfar ta yi tsit, ba ka jin komai sai alli da numfashi, da wani jariri yana tsotso. Da inuwa ta iso inda na sa mata dutse, na ɗaga muciya na maka wa tire. Mata suka zabura suna salati, kowa tana neman takalminta. Kande kaɗai ba ta ɗago ba. Na je da baya da baya har inda take, na laluba na zare allin daga hannunta.

"Haba Yalwa, ɗan ja ɗaya ya rage. Bari in ƙarasa."

"Ni da na fi ki kai ma ban ƙarasa ba," na ce. "Tashi ki yi alwala."